Yadda ake ɗinka siforan mai gashi da hannu, da irin taron da kowace take shiga

Kilt, wato zanen ulu mai ninki-ninki da mazan Sikotilan ke ɗaurawa daga cibiya zuwa gwiwa, ba shi da aljihu ko ɗaya. Shi ya sa ake rataya wata jakar fata a gabansa, wadda ake kira siforan, a shagunan ƙasar kuma za ka ga an rubuta ta sporran. Da farko jaka ce kurum ta fatar barewa ko ta maraƙi, ana tsuke bakinta da igiya. A 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta tufafin mutanen tsaunukan Sikotilan, ba a ɗage dokar ba sai 1782, amma sojoji ba ta shafe su ba. A hannun rundunonin soja ne jakar ta yi girma, ta samu bakin ƙarfe, ta samu gashin akuya da izgar doki da tuntaye. Daga nan farar hula suka ɗauka, har aka kai ga kowane irin taro yana da jakar da ta dace da shi.

Saboda haka, kafin a sa wuƙa a fata, sai an san wace kwat mai ita zai sa, kuma ƙarfe nawa ne taron. Wanda ya fara da yanka, daga baya ya zo yana tunanin inda za a je da ita, yakan ƙare da jaka mai kyau wadda ba ta shiga ko'ina.

Matakan shiga, daga rana zuwa dare

Siforan ta rana ita ce mafi sauƙi: fata zalla, ruwan ƙasa ko baƙa, da marufi mai faɗowa gaba, sau da yawa da tuntayen fata uku. Ana sa ta da kwat ta yadin tuwid (wani ulu mai kaushi) mai maɓallan ƙaho, da nektayi na yau da kullum, da takalmi mai igiya. Wasannin gargajiya na tsaunuka, zuwa coci, ɗaurin aure na rana a karkara, duk wurarenta ne. In tana da ƙarfe, tagulla ce ta fi dacewa da ita.

Ta dare kuwa gabanta gashi ne baki ɗaya, a samanta akwai bakin ƙarfe mai siffar jinjirin wata da aka kife, masu sana'ar na ce masa kantil. Ana yin sa da azurfa, ko gaurayen kuza, ko ƙarfen da aka shafa wa kurom. Tuntayenta galibi uku ne, wasu har shida, kowanne yana rataye da 'yar sarƙa. Abokiyarta ita ce kwat ɗin Prince Charlie, gajeriya mai maɓallan azurfa, da falmaran mai maɓalli uku da baƙin ɗaurin wuya mai fikafikai. In taron ya fi haka nauyi, ana sa rigunan da ake kira dablet, irin su Montrose da Sheriffmuir da Kenmore, wani lokaci da leshi a wuya da bakin hannu, da safa mai zanen dara da takalmi mai ƙarfe a kai. A nan ne bakin azurfa na gaske yake nuna kansa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wadda ake ce wa rabin ado: marufin fata, gaban gashi, tuntaye masu sarƙa, ba kantil. Ita ta zo daga baya, domin mutum ya riƙe jaka ɗaya ya je ko'ina. Ana haɗa ta da baƙar kwat ta Argyll da falmaran mai maɓalli biyar. Masu riƙo da tsohuwar ƙa'ida ba sa ƙaunarta, suna cewa ga rana ta yi ƙyalli, ga dare ta gaza. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ga wanda zai halarci aure sau ɗaya ko biyu a shekara, ta wadatar, kuma ita ce mafi kyawun wurin fara koyon aikin gashi.

Sai mai kan dabba, wadda fuskar dabbar ce marufinta, da kunnuwa da hanci da idanun gilashi. Ita ce kaɗai da yawancin masana shigar ke yarda a sa da rana a kuma sa da dare. Hafsoshin rundunar sojan Sikotilan ta Argyll and Sutherland Highlanders sun shahara da mai kan dage. Ta izgar doki mai tsawo har gwiwa kuwa ta sojoji ce da masu busa algaitar salka. Farar hula da ya sa ta da kwat ta tuwid sai a ɗauka ya ɓace daga fareti.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duka ita ce ƙarfe ya bi ƙarfe, fata ta bi fata. Maɓallan azurfa suna neman kantil fari, da farar sarƙa, da farin fil ɗin ado da ake maƙalawa a gaban kilt. Baƙar kwat ta dare ba ta tafiya da jakar fata ruwan ƙasa. In an sa falmaran, ba a ɗaura bel mai faɗi da ake sa wa a kan kilt, domin kan bel ɗin zai leƙo ta ƙasan falmaran ya yi karo da saman jakar.

Zaɓen fata, da abin da doka ta ce

Shekaru da dama fatar sil, dabbar tekun nan mai gajeren gashi mai sheƙi, ita ce kan gaba a jakar dare. Tarayyar Turai ta kafa dokar hana cinikinta a 2009, ta fara aiki a 2010, in ban da wadda ta fito daga farautar gargajiya ta mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin ƙanƙara na arewacin duniya, da takardar shaida. Amurka ta hana shigo da ita tun 1972. Karen ruwa da kyanwar dajin Sikotilan dabbobi ne masu kariya, dage ma yana da dokarsa ta 1992 a Birtaniya. Hukumar NatureScot ce ke kula da lasisin irin waɗannan dabbobi a Sikotilan. Duk fatar da ba ta gida ba, a nemi takardar asalinta kafin a biya kuɗi, musamman in za a tsallaka iyaka da jakar.

Abin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne fatar saniya ko maraƙi mai gajeren gashi, da zomo, da akuya, da yanyawar Turai, da ɓeran ruwa na Amurka ta Arewa da ake ce wa maskwash. Fatar maraƙi ce ta fi kama da sil a ido, tana da ƙarfi, ba ta zubar da gashi. Zomo yana da laushi da araha, amma fatarsa kamar takarda take, kuma gashinsa kan tsige a inda tuntaye ke gogawa. Yanyawa gashinta dogo ne, yakan haɗiye tuntaye ya sa jakar ta yi kumburi. Wasu masu sana'ar na sayen tsofaffin rigunan gashi su farke su. Hanya ce mai kyau, sai dai a gwada fatar, domin wadda ta tsufa ta bushe tana yagewa da an ja zare.

Gwajin fata uku ne. A hura iska cikin gashin: in an ga fata a fili da sauƙi, ƙasan gashin ba shi da kauri, watakila ta bazara ce, alhali ta hunturu ake so. A ja 'yan silin gashi a hankali: in sun biyo yatsa, jimar ba ta yi ba ko asu ya riga ya shiga. A lanƙwasa bayan fatar: in ta yi ƙara ko ta nuna tsaga, a bar ta.

Kayan aiki da awo

Jakar babban mutum tana kai santimita 18 zuwa 20 a faɗi, 20 zuwa 23 a tsawo. Fuskar gaba da ta baya ana yanka su daga ƙirgi mai tauri wanda aka jeme da sassaƙe ko 'ya'yan itace, kaurin milimita 2.5 zuwa 3. Zagayen gefe, wanda ke haɗa gaba da baya ya ba jakar ciki, fata ce mai laushi ta milimita 1 ko kusa da haka, faɗin santimita 5 zuwa 6. Fatar akuya ce ta fi dacewa a nan, kuma ta jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, tana da irin laushi da ƙarfin da ake nema. Shafin ciki kuma siririyar fata ce ko mai laushin karan-miski.

Sauran kaya: kwali mai kauri na zana siffa, sabuwar reza ko wuƙar fiɗa, abin huda mai kaifin lu'u-lu'u, allurai biyu marasa tsini, zaren lilin ko na roba da aka shafa wa kakin zuma, gam na fata, abin fasa rami, zobba biyu masu siffar D, maɓalli mai dannawa, da mataji mai ƙananan haƙora.

In ta dare za a yi, a sayi kantil tun farko, a zana siffar jakar a kansa. Yawancinsu suna kai kimanin santimita 15 a faɗi, amma lanƙwasarsu ta bambanta, kuma ƙarfe ba ya biyo fata. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata wa masu koyo kaya: su gama jaka tsaf, kantil ya iso, a tarar kafaɗun jakar sun fi shi faɗi da santimita guda.

Yankan gashi

A ninka kwalin biyu a yanka rabin siffa, domin hagu da dama su zo daidai. A shimfiɗa fatar gashi a sama, a shafa da tafin hannu a gano inda gashin ya kwanta. Dole ya kwanta daga sama zuwa ƙasa, tsaye cir. Layin gadon bayan dabbar, inda launi ya fi duhu gashi ya fi kauri, shi zai zauna a tsakiyar jakar. A soka fil biyu a kan layin nan, a juya fatar, a haɗa wuraren da biro a bayanta, sannan a ɗora layin tsakiyar kwalin a kai. In aka kauce ko da kaɗan, jakar za ta riƙa kama da karkatacciya a jiki, ko da an rataye ta daidai. A guji gefen ciki da hammata, gashin wurin ba shi da yawa, kuma yana juyawa ta ko'ina.

Ana zana siffar a bayan fata, a ƙara santimita 1 zuwa 1.5 a zagaye. Ba a sa almakashi a fata mai gashi, kuma ba a danna ta a kan tebur a yanka. Ana ɗaga ta da hannu ɗaya, a ja tsinin reza a hankali ta baya, yadda zai raba fata kawai bai taɓa gashin ba. Almakashi yana datse silin gashi, sai gefen ya fito da aski mai kaifi wanda ba ya ɓoyuwa har abada.

In fatar zomo ce ko wata siririya, a manna mata siririn yadi a baya kafin komai, in ba haka ba zare zai tsaga ta. In akwai rami ko tabo, ana yanke wurin da siffar ganye mai tsini biyu, tsawonsa yana bin kwanciyar gashi, a haɗa bakin da ƙananan ɗinki ta baya, a taje. In an yi shi da kyau ba mai gani.

Haɗa gaba, gefe da baya

A shafa gam siriri a kan ƙirgin gaba da bayan fatar gashi, a bar shi minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe. Gam mai yawa yana ratsa siririyar fata ya daskarar da gindin gashi, wurin ya yi tauri ya canja launi. Kada a ja fatar da ƙarfi. Wadda aka miƙe tana komawa daga baya, ta lanƙwaso ƙirgin.

Yanzu ne ake fasa ramukan tuntaye, tun ba a sa shafin ciki ba, domin shafin ya rufe ƙullin sarƙar, kada ya riƙa kama makulli ko waya. Na tsakiya yana kan layin tsakiya, ya ɗan fi na gefe sauka. Na gefe biyu a auna su daga layin tsakiya, ba daga bakin jaka ba. A buɗe gashin da allura kafin a fasa, kada abin fasawar ya yanke shi.

A rage gashin da ke kan layin ɗinki, faɗin milimita 5 kawai. Sannan a ɗora zagayen gefe a kan fuskar gaba, fuska na kallon fuska, a fara daga tsakiyar ƙasa a hau kowane gefe. Wanda ya fara daga kafaɗa ɗaya ya zagayo, zai iske fatar ta miƙe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, jakar ta murɗe. Ramukan ɗinki su kasance milimita 4 daga baki, tazarar milimita 3.5 zuwa 4 a tsakaninsu. Ɗinkin allura biyu ake yi, irin na sirdi, kowace allura ta bi ramin ta fito ɗaya gefen. Zaren ya kai ninki huɗu na tsawon layin. Amfaninsa shi ne in zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa, saɓanin na keken ɗinki. Yayin ɗinki a riƙa tura gashi ciki da bayan allura. Da an gama, a juya zagayen baya, sai ya naɗe bakin ya zama dunƙulallen gefe mai kyau, a bi layin da tsinin allura a zaro duk silin da zare ya danne.

Fuskar baya ana gama mata nata aikin kafin a haɗa ta. A ɗinka 'yar fata mai riƙe zobban nan biyu, ko madauki wanda maɗauri zai ratsa, kimanin santimita 4 zuwa 5 daga sama. In aka sa shi ƙasa da haka, saman jakar zai riƙa faɗowa gaba. In ya yi sama ainun, zobban za su leƙo. Wurin nan ne ke ɗaukar nauyin duka, don haka a ninka ɗinkin. Bayan jakar kuma a bar shi ba rini, ko a rufe rinin sosai a goge da farin ƙyalle har ya daina fitar da launi. Kilt mai kyau yana cin yadi takwas na ulu, kuma baƙin rini da ya zauna a gabansa ba ya fita. Daga nan a haɗa baya da zagayen gefe, a rufe bakin da siririyar fata.

Kantil da tuntaye

Yawancin kantil na zamani suna da ƙusoshi uku masu ɗaukar noti a bayansu. A ɗora shi a kan fuskar gaba, a danna ƙusoshin su bar alama, a fasa, a aske gashin da zai shiga ƙarƙashin ƙarfen domin ya zauna daram. Ana sa siririn layin fata, ja ko baƙi, ya ɗan leƙo a ƙasan ƙarfen. Yana ƙawata wurin, yana kuma hana bakin ƙarfe cin gashi. A ɗaure noti daidai wa daida, a ɗiga musu ɗan gam, domin tafiya da rawa suna kwance su. Rufin jakar wani ɗan harshen fata ne mai maɓalli a bayan kantil. Tsofaffin kantil na ƙarni na 18 kuwa buɗewa suke kamar bakin jakar kuɗi, kuma a gidan tarihi na ƙasa da ke Edinbara, babban birnin Sikotilan, akwai wani da aka ɓoye ƙananan bindigogi a cikinsa, su tashi in wanda bai san sirrin ba ya buɗe.

Tuntu ana yin sa da ɗan yankin gashi mai kusurwa huɗu, kamar santimita 5 a 6, gashin na kallon ƙasa. A naɗe shi a kan ɗan guntun itace ko igiyar fata, a manna, a ɗinke bayan, a cusa kansa cikin ƙoƙon ƙarfe, a haɗa da sarƙa. A yanka duka ukun daga wuri ɗaya na fatar domin launinsu ya zo ɗaya, ko kuma da gangan a yi su da launin da ya saɓa wa jikin jakar, kamar baƙi a kan fari. Sarƙar ta zama gajeriya, santimita 3 zuwa 4. Doguwa tana sa tuntu ya yi ta lilo yana bugun wuri ɗaya, bayan 'yan shekaru a ga sanƙo uku a gaban jakar.

Mai kan dabba aikinta daban ne, kuma sai wanda ya iya gyaran gawar dabbobi. Ana jeme fatar fuska har da leɓɓa da fatar ido, a cire guringuntsin kunne a sa madadinsa, a ɗora fuskar a kan wani ginshiƙi mara nauyi da aka daddanne ya yi faɗi, domin kada kan ya yi tsini a gaba. In jimar kunne da hanci ba ta ratsa ba, nan ne gashi ke fara zuba.

Ɗaurawa da adanawa

Siforan tana zama a tsakiya, samanta kimanin faɗin tafin hannu ƙasa da kan bel. Wadda ta sauka ainun tana tattaro gaban kilt a ƙarƙashin ciki, tana kuma dukan cinya a tafiya. Maɗaurin yana ratsa madaukai biyu na bayan kilt, a ɗaure shi a baya. Da rana maɗaurin fata zalla ya fi, domin sarƙa tana cin ulu a hankali. Da dare ana sa sarƙa, amma a shafa ta a kan tsohuwar safa tukuna, duk inda ta kama zare a goge wurin ko a canja ta. Mai tuƙa mota, da mai kaɗa ganga, da mai rawa da abokiya, sukan zame jakar zuwa kwankwaso.

Kada a cika ta. Waya, makulli, kati da 'yan kuɗi sun isa; abin da ya wuce haka yana buɗe zagayen gefe ya ɓata siffar. In ruwan sama ya taɓa ta, a girgiza, a rataye ta a inuwa mai iska, nesa da wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, domin zafi yana ƙanƙance fata ya sa ta tsage. Bayan ta bushe a taje gashin ta inda ya kwanta. Man goge azurfa kada ya taɓa gashi. A zura takarda ƙarƙashin bakin kantil kafin a goge.

Ajiya a jakar yadi ake yi, ba leda ba, don leda tana tara gumi ta kawo fumfuna. A cusa takarda a ciki ta riƙe siffa, a naɗe kowane tuntu da takarda mai laushi, a kwantar da jakar a bayanta ba tare da an ɗora mata komai ba. In an ga gashi yana zuba a dunƙule ko wani gari-gari a gindinsa, asu ne. A sa ta a leda a ɗaure sosai, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na aƙalla mako guda, sannan a fito da ita a bar ta cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe, domin raɓar da za ta taru ta zauna a kan ledar, ba a kan fata da ƙarfe ba.